Tsoho da 'Yar Tsamiya a Kasuwar Guci

Ga wani tsoho a kasuwar Guci, yana tsaye bayan rumfar Kyari mai sayar da dashen itatuwa, ya rungume abu cikin riga kamar wanda ya sato kaza. Dogo ne, tafin hannunsa duk kantar hauya, da gani ka san ya saba cika rumbu da gero. Sai da mutane suka ragu sannan ya buɗe. 'Yar tsamiya ce a tukunya, ko kamu ɗaya ba ta kai ba amma gindinta ya tsufa, ganyen duk ya yi ja ya yamushe.

"Ta 'yata ce, tana karatu a Damagaram," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ita ke rage mata saiwa wai don kar ta girma. Ni kuwa na ga ta matsu, na sake mata tukunya na zuba mata taki."

Kyari ya shinshina ƙasar. "Baba, ɗanyen kashin awaki? Gonar dawa ka ɗauke ta?"

Tsohon bai ɗago kai ba. Kyari ya kankare ɓawon da farce, ciki kore shar. "Da ranta. Sake mata ƙasa, ka kai ta inuwa, ka rage ruwa."

"Za ta yi ganye kafin yarinyar ta zo hutu?"

Kyari ya ce sai dai addu'a.

Yanzu ga tsohon can tsugune bayan amalanke, yana tsinke busassun ganyen ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya yar da su a ƙasa, aljihu yake turawa.