Gida Ɗaya, Mutum Ɗaya

Abdulganiyyu shi ne shehun 'yan dako na unguwar Tandabawi da ke Makka, kuma kowa ya san shi da hali ɗaya: ba ya tura mutum biyu daga gida ɗaya aikin Mina. Ko kuka ka yi masa, ɗaya zai ɗauka, ɗayan ya zauna Makka.

Mutane na cewa mugunta ce, alhali tsoro ne. Yana saurayi, shekarar da zafi ya yi ta kayar da mutane, ya ga an sauko da gawar wa da ƙane a kan raƙumi ɗaya, uwarsu ta rasa mai ɗebo mata ruwa. Tun daga nan, da aikin hajji ya matso sai abinci ya daina shigarsa. Yakan zauna yana jujjuya mutanensa a rai: wane na tari, wane matarsa na da tsohon ciki, wa zai riƙe jama'a in shi ya faɗi.

Shekarar da Tijjani, ɗansa tilo, ya isa ɗaukar kaya, Saudatu, matar Abdulganiyyu, ta tarar shayin mijinta ya huce bai taɓa ba.

"Malam, lafiya?"

"Yaron nan Mina yake so," ya ce. "In na hana shi, za a ce na ɓoye nawa."

"To, sai ka sa masa ido a can."

Ya girgiza kai. "Ni da shi gida ɗaya ne, Saudatu."

Ranar fita ya miƙa wa mataimakinsa sandarsa, ya tsaya bakin ƙofa yana kallon bayan ɗansa har ayarin ya sha kwana.