Yadda Muka Kai Motar Haƙa Burtsatse Ƙauyen Kakata

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokan tafiyata biyu, muna bin bayan motar haƙa burtsatse. Ƙauyen kakata muka nufa, can gaba da Doguwa, inda mutane da shanu ke shan rafi ɗaya, har gudawa ta kwantar da yara da yawa bara. Mun sha wuya kafin a amince da rijiyar nan. Wannan ofishi ya ce aikin jiha ne, wancan ya ce na ƙaramar hukuma ne, wani ya ce mu jira Abuja.

Titin tarayya kam ya ɗauke mu sumul ta ƙasar Bebeji da Kiru. A Kwanar Dangora muka karya da shayi da ƙosai mai zafi. Burodin ya fi na birni araha, ya kuma fi shi tauri. Daga Tudun Wada masara ce hagu da dama har duwatsu suka fara bayyana.

Muna barin kwalta muka hau hanyar daji, sai ga kwalbati ruwa ya cinye rabinsa. Direban motar haƙar ya sauko ya duba, ya ce, "Yallaɓai, juyawa zan yi, motar nan ba za ta haye ba." In kuwa ta koma, sai baɗi.

Ina ta laluben lambar wanda zan kira, wani dattijo da ke kora shanunsa ya ce, "Ɗana, ai kansilanmu ga shi can a gonarsa." Aka kirawo shi, ya zo da laka har gwiwa. Nan take ya buga wa shugaban ƙaramar hukuma waya, aka turo tifa cike da duwatsu, magidanta suka fito da shebur. Kafin la'asar motar ta haye, mata suna rangaɗa guɗa.

Washegari aka haƙa burtsatsen, ruwa ya feso. Kakata ta tara hannu ta kurɓa, ta dube ni ta ce, "Kai, babu ƙasa a ciki!"

Na dawo Kano kayana duk laka, zuciyata fes. Gwamnati mai hawa uku takan yi ta wasan tura-tura da talaka, wannan na gani da idona. Amma da a ce komai sai Abuja, da motar nan ta juya. Hukumar da ta cece mu ranar, a gona muka same ta da fartanya a hannu.