Kifayen da Suka Ƙi Fitowa a Gaban Manaja

Ranar da maƙwabcina ya sha kunya ina wurin, don ni na riƙe masa jaka. Sana'arsa tsara wannan hoto mai motsi da ke rufe fuskar kwamfuta in an bar ta ba a taɓa ba. Nasa kifaye ne, jajaye da shuɗaye. Duk layinmu Mai Kifi muke ce masa, alhali ko ƙugiya bai taɓa riƙewa ba.

Ofishin wani kamfanin sufuri muka je, mai kwamfuta talatin. Ya ɗora aikinsa a kan ta manaja, ya ce kowa ya janye hannu, minti uku kifi zai fito. Muka naɗe hannu. Minti uku shiru, goma shiru. Sakatariya ta tambaya ko sai an watsa musu tsaba. Manaja ya dubi agogo, ya ce mu sauka lafiya.

Ba manajan ne ya sa shi zufa ba, kawunsa ne. Shagon da yake aiki na kawun ne, kuma tsohon ya ce in wata ya ƙare ba wanda ya karɓi kifin nan, tela zai ba wa shagon. Mai Kifi da gyaran rediyo ya fara, ya koyi kwamfuta daga wani littafi marar bango, amma a wurin kawu mai zama hannu a hammata ba aiki yake ba. An ce wa kawun ai haka ake gwada abin, ya ce shi ma haka yake gwada barci.

Washegari mutumin naku ya aro jarumta ya koma, ya roƙi sakatariya, ya zauna a ƙasa yana ƙare wa teburin manaja kallo. Ashe ƙafa ɗaya gajeriya ce, fanka kuma na jingine da shi. Tebur na rawa, maus, wato linzamin kwamfuta, na rawa, ita kuwa kwamfuta ta ɗauka manaja ne ke ta aiki. Baiwar Allah, ba ta san shi ba.

Wani da takarda zai cusa a ƙarƙashin tebur ya huta. Shi ya ce teburan duniya ba za su cusu ba. Kwana biyu ya yi yana koya wa aikinsa bambanta hannun mutum da karkarwar katako. Da muka koma, da kansa ya ƙure fankar, har takardu na tashi. Minti uku cif, sai ga kifaye sun cika fuska. Manaja ya ce a sa a duka talatin, ya kuma kira surukinsa mai makaranta a waya ya yi masa tallan kifin.

Kawu ya zo shago da yamma, ya zauna, shi ma ya naɗe hannu har kifin ya fito. Ya ce wannan jan ya fi ƙiba. Tela dai har yau yana neman wuri.

Da tsohon ya tafi na ce, “Maƙwabci, ka dai ci sa'a, ka sami sana'ar da zama ne aikinta.”

Ko juyowa bai yi ba. “Ni in na zauna minti uku kifi ke fitowa. Kai shekara ashirin kana kan bencin nan, ko kwaɗo ba mu gani ba.”