Wa'adin Kwarinmu

Wani hutu da na dawo Gure daga jami'a, Baba ya tsare ni a gindin dabino cikin kwarinmu, wai sai na gaya masa wane irin karatu ne ya hana ni ƙiba. Na ce ordinater, wato kwamfuta, ta yanzu ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, wata takwas, ayyuka na zubo mata ba tsayawa, kowane da wa'adinsa. Ni ina koyon raba musu ne, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ake fara yi.

Kalmar ba ta kwanta masa ba. A gidanmu ba a ambaton wa'adi sai an yi rasuwa.

"Wa ke gaya mata wa'adin?" ya ce.

"Aikin da kansa, Baba. Da shi yake zuwa."

"Ashe ayyukanku na da kirki."

Yana faɗa yana kallon tudun yashin da ke bayan shinge. Lokacin akwai sauran tazara tsakaninsa da rijiya.

Yayyena uku ke aikin lambun, kuma babu malalaci a cikinsu. Ganyen salati zai yi yaushi, a ruga da ruwa. Tumatir ya nuna, a kai kasuwa kafin ya ruɓe. Awaki sun fasa shinge. Tare yashi kuwa aikin watanni ne, a sari ƙirare, a kafa su layi-layi bisa tudu, a dasa itace. Shi wannan aikin bai taɓa cewa yau ba, kullum sai bayan kaka.

Abin nan yana cikin darasin da nake koyarwa yanzu a Damagaram: ƙananan ayyuka masu gaggawa su kame duk ƙwaƙwalen, babban ya shigo a makare, ya faɗi, alhali lokaci ya isa kowa. Duk sanda na zana shi a allo sai in ji muryar Baba yana tambaya.

Rijiyar ce yashi ya fara ci. Baba bai jima bayanta ba.

Bana na koma kwarin tare da babban yayana. Ya ce, "Wa'adinsa ne ya cika, ƙanena." Ban tambaye shi na wa yake nufi ba. Muka hau tudun, ya nuna mini daidai inda Baba ke zama, ƙarƙashin ƙafafunmu. Dabinon da muke hawa da igiya yana nan da rai. Daga tsaye na miƙa hannu na tsinki 'ya'yansa, na kasa kaiwa baki.