Motar Razaki da Ƙohwar Surukuwa

Abdurrazak, wanda mu maƙwabtanai na Madawa ka kira Razaki, ya tsuhwa bisa hanyar Buza. Da aparanti yas soma, yaron mota, shina ɗaure buhunan albasa bisa motar wani, har Allah yab ba shi tashi, wata tsohuwar Pijo wadda ƙohwar bayanta igiya ka riƙe ta. Ba shi da wani abin alhwahari in ba kunya ba. Tun da yay yi aure da Sa'a, uwatta Inna Jaratu ba ta taɓa ganin haƙoranai ba, balle ta gan shi shina cin abinci. Gidan Inna kuwa bakin hanya shike, wajen Karofane. In ya zo wucewa sai shi duƙe bisa sitiyari awa mai neman allura.

Sai motar tas samo wani hali. Ta tashi Madawa lahiya lau, tana tsallen duwatsu, in an kusa Karofane ta yi tari, ta yi shessheƙa, ta mutu. Ba kullum ba, kuma ba ta mutuwa cikin daji inda mutum ka iya zaginta son rainai. Sai dab da ƙohwar Inna Jaratu.

Nan Razaki ka ɗaga kapo, ƙarhen da ka ruhe inji, shi cusa kai ciki shi ƙi hitowa. Inna ta shimhiɗa ma matan kasuwar da shika ɗaukowa tabarma, ta aiko da ƙwaryar hura. Su sha, shi ko shi haɗiye miyau, shina taɓa wayoyin da bai san aikinsu ba. Wata rana in ya zagaya baya yab buɗe tanki yas sa karan gero don shi auna esansi, man motar, tunda allurar awon mai ta daɗe da mutuwa, sai ta tashi bugu guda. Wata rana kunya ta hana shi zagayawa, don bayan motar ka kallon zauren, su kai la'asar nan.

Mu 'yan hwada, masu zaman hira bakin shayi, munka ba da shawara, tunda kyauta ta. Ni nac ce buji, ɗan abin da ka ba inji wuta, don shi kaɗai nas sani cikin mota. Wani yac ce batir. Mahmud mai shayi yac ce a yi mata turare, an yi, matan kasuwa sunka yi ta atishawa har Buza. Razaki yac canza buji, yaw wanke karbirato, yas sayi hiltar sabuwa. Yak kai ta garejin Tasi'u makanisiye, tay yi ta ruri lahiya awa ɗan makaranta gaban malam.

"Ka kawo ta sa'ad da taka yin abin," in ji Tasi'u.

"Sa'ad da taka yin abin, bisa kaina za ni ɗauko ma ita?"

"To, mai lahiya dai ba a yi mai allura."

Da marece Razaki yaz zamna cikinmu shina dariyar kainai. "Ni dai na gama lalacewa. Tsohuwar nan ba ta san huskata ba, amma ta san ƙetar wandona ta baya sarai. In an tambaye ta kamannun surukinta, abin da za ta hwaɗi ke nan."

A ƙarshe yal lallashi Tasi'u yab bi shi ranar kasuwar Buza. Tasi'u yaz zamna gaba cikin kwandunan tumatur shina saurare. Ƙohwar Inna na bayyana, mota tay yi tarinta tam mutu. Razaki yan nuhi kapo.

"Ina za ka? Mi kaka yi ranar da taka tashi da wuri?"

"Ba komi. Auna esansi kawai."

Tasi'u yaj ja shi baya, Razaki na tahiya a karkace don kada shi haɗa ido da zauren. Bakin tankin na naɗe da leda ninki bisa ninki, an ɗaure ta tam da robar tayar babur. Da Tasi'u yak kwance, tankin yaj ja iska, huuu, awa wanda anka daɗe da shaƙewa.

"Wane gwani yay yi wanga aiki?"

"Ni. Murhin tankin ya hwaɗi bisa duwatsu. Kuma ka san zahin garinmu, esansi tururi shika yi shi tsere."

"Kai ko sarkin tattali. In mai na hita iska ba ta shiga, pompo mi za shi ja? Daga Madawa zuwa nan numhwashinta ka ƙarewa. Ranar da kay yi saurin ɗauri yaz zam sako-sako, ranan ta wuce."

Mu da munka yaba wanga ɗauri ranar da anka yi shi, har biyu cikinmu sunka yi ma baburansu irinai, kowa yad duƙar da kai bisa shayinai da labarin yaz zo hwada. Mahmud yaƙ ƙara ma kowa shayi.

Anka sa murhi mai ɗan hudar iska. Razaki yar riƙa wuce Karofane awa kibiya, kainai duƙe, zuciya tai sanyi, shina ganin ya maido mutuncinai.

Ba a jima ba Sa'a tad dawo daga ganin gida huska ɗaure. Tad dire mai tuwo ba sannu.

"Inna ta ce a tambaye ka mi tay yi ma."

"Ni? Wallahi ko kallonta ban yi ba."

"Shi tag gani. Ta ce da kana tsayawa gaisuwa da dubara irin ta masu kunya, kana laɓewa cikin kapo, har tana ba maƙwabta labarin ta yi dacen suruki. Yanzu ka yi sabon murhi ka hi ƙarhin talakawa. Hura tana damawa duk ranar kasuwa, awaki ka sha."

Razaki yab buɗe baki shi yi bayanin tanki, yad dubi huskar Sa'a, yar ruhe.

Yanzu duk ranar kasuwar Buza, in ya kusa ƙohwar Inna sai shi murɗe kile shi kashe inji a ɓoye, shi girgiza kai, shi sauka shi ɗaga kapo bisa inji mai lahiya. Matan kasuwa sun sani, tun kahin shi taka birki suka gyara zannuwa.

"Direba," in ji Hajiya Fatsima mai tumatur, "yau gyaran shi ɗan daɗe. Na ji ƙamshin wainar gero."