Rikodar Malam Leonard

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a ƙarshen shekarun 1980 ya san Malam Leonard, ko da bai taɓa zama ajinsa ba. Malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare ta mishan, ɗan asalin ƙauyen Nok, dogo siriri, kullum da farin alli a gefen wandonsa. Mutumin kirki ne, ba ya shan giya, ba ya fashin coci. Sai dai Allah ya ɗora masa wata lalura, ba ya iya ganin mutum cikin kuskure ya wuce shi. A ganinsa kuwa garin nan kaf cikin kuskure yake kwana, cikinsa yake tashi.

In ka neme shi da yamma, to yana shagon Fabian, wani Ibo haifaffen unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa, mai sayar da rediyo da batir kusa da tasha. A nan ake taruwa kallon kokawar Turawa a talabijin. Mutane na ihu, shi kuwa Malam yana tsaye a baya yana bayanin cewa duk shiri ne, don ƙato mai nauyin buhu biyu ba zai diro daga kan igiya a wuyan mutum ba, mutumin ya tashi yana karkaɗe wando. Fim ɗin Indiya ma bai tsira ba. Ya taɓa ƙirga sau nawa wata ta canza zane a cikin waƙa ɗaya, ya samu bakwai, ya ce a nuna masa inda ta ajiye akwatin a kan dutsen. Kalkuleta a wurinsa gubar ƙwaƙwalwa ce. Masu ɗaura murfin tukunya a kan eriya don hoto ya fito kuwa, da yana da iko da ya sa an mayar da su aji ɗaya. Amma fa kada ka kuskura ka ce ƙarya ne Bature bai je wata ba. Wani dattijon coci ya faɗi haka, suka yi wata biyu ba sa gaisawa.

Matarsa Hellen, mai ɗinki, takan ce ita rediyo ta aura, irin wanda maɓallin kashewarsa ya karye. Ko gishiri ta zuba a miya sai ta ji dalilin da ya sa yake narkewa. Ta haƙura, don ta san bakin ne kawai, cikinsa fari fat.

Abu ɗaya ne ya taɓa tsorata Malam Leonard da gaske. A Nok akwai ƙanen kakansa, Baba Ɗan'auta, wanda sunan ƙuruciya ya bi shi har ya haura shekara casa'in. Shi kaɗai ya rage wanda ya san waƙar gidansu da yarensu na Ham. A cikinta ake jera sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, da dutsen da suka sauko, da wanda ya fara sare wace gona, da wadda aka auro daga wane ƙauye. Ana rera ta idan babba ya rasu. Yaran gidan duk sun tafi boko, sun iya waƙoƙin coci da na rediyo, babu wanda ya zauna ya koya. Da damina ta 1991 tsohon ya yi jinya har aka fara kiran dangi, sai kuma ya tashi. Malam ya dawo gida jiki a sanyaye, ya ce wa Hellen in tsohon nan ya tafi, su da 'ya'yansu sun zama marasa tushe. Wannan karon bai yi dogon bayani ba, abin ya taɓa shi.

Ya je wurin Fabian ya sayi rikoda sabuwa fil, da kaset uku, da batir. Fabian ya nuna masa maɓallan.

"Oga Ticha, ka danna jan nan da wannan tare, ka ajiye shi a ƙasa, ka zauna. Shi ke nan aikin."

Malam ya tambaye shi ko ya san yadda maganaɗisu yake kama murya a jikin zaren kaset. Fabian bai sani ba, kuma bai nemi sani ba, amma sai da ya ji.

Ranar wata Asabar ta watan Nuwamba suka hau babur shi da Hellen suka nufi Nok. Lokacin haƙar citta ne, an shanya ta ko'ina, ƙamshinta har cikin ido. Aka shimfiɗa wa tsohon tabarma a gindin mangwaro. Matan gidan suka ajiye aikinsu suka kewaye shi, Gwaggo Magdalene a gaba, ita ce 'yarsa ta fari. A al'adar gidan, tsohon yakan rera baiti ɗaya, mata su amsa, amshin ne yake miƙa masa bakin zaren baiti na gaba. Malam ya san haka tun yana yaro. Amma da ya ga mata goma sha biyu suna gyara murya a gaban 'yar makirfo ɗinsa, sai hankalinsa ya tashi. Ya ce za su danne muryar Baba, shi murya tsantsa yake so, babu gauraye. Ya kora su bayan rumbu. Gwaggo Magdalene ta dube shi sama da ƙasa, ta ja zanenta ta tafi.

Ya danna maɓallan. Zakara ya yi cara, Malam ya sa aka kore shi. Wata a maƙwabta ta fara daka, ya aika a roƙe ta. Akuya ta zo tana shinshina waya. Tsohon dai yana zaune yana kallon akwatin, ya buɗe baki ya rufe. Can ya tambaya wa zai amsa masa. Malam ya ce ai ba a bukatar amshi, injin ne zai riƙe komai, kuma don tsohon ya saki jiki, ya shiga yi masa bayanin yadda murya take tafiya a iska. Wai a nan ne fa za a ce an zo ɗaukar muryar wani. Hellen ta yi masa ido, ta yi tari, ta taka masa ƙafa, duk a banza. Fuska ɗaya ta kaset ta cika, ya juya, sai ya lura zaren yana jan ƙafa. Batir ya yi sanyi.

Ya ɗauki rikodar ya ɗaure a bayan babur, wai don ya gwada sabon batir a gaban mai shago kada a cuce shi, ya tafi garin Kwoi da ke kusa sayen batir. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta ci masa uku, domin mai shagon ya yi kuskuren cewa in an shanya tsohon batir a rana yakan farfaɗo. Ina Malam zai bar wannan ta wuce.

Da ya dawo rana ta yi sanyi, tsohon yana barci, matan suna share hawaye suna dariya. Hellen ta tare shi a bakin ƙofa, ta kira shi da sunan ɗansu yadda ta saba.

"Baban Rufus, kana fita matan suka dawo. Baba ya yi waƙan duka, daga farko har ƙarshe. Ko kuskure ɗaya bai yi ba."

Haushi ya kama Malam, na matan, na mai shago, na kamfanin batir, na kowa da kowa ban da mutum ɗaya. Ya ce ba komai, zai dawo da hutun Kirsimeti da makirfo mai doguwar waya da batir dozin guda. Ya jefa kaset ɗin a aljihun jaka, ko saurara bai yi ba.

Baba Ɗan'auta bai jira Kirsimeti ba. Ya rasu a makon farko na Disamba, da safe, bayan ya sha kunu.

Ranar jana'iza gidan ya cika, har daga Kaduna da Jos an zo. Labari kuwa ya riga ya zaga cewa ɗansu malamin kimiyya ya kama muryar Baba a cikin inji. Bayan fasto ya yi addu'a an rufe kabari, dattawa suka ce tun da babu mai rera waƙar gida, to a kunna, marigayi ya raka kansa da bakinsa. Malam ya fara cewa ɗaukar ba ta yi kyau sosai ba. Aka ce ko yaya take a kunna. Ya duba wajen Hellen, ta sunkuyar da kai. Yana fatan ko baiti ɗaya ya shiga ba da saninsa ba, ya danna.

Muryarsa ce ta fito, tangaram. Aka ji shi yana cewa a kama zakaran nan. Aka ji shi yana tambaya wace ce mai daka. Daga nan sai darasi, yadda iska take rawa, yadda kunne yake da ganga a ciki, yadda Bature ya fara kama murya a jikin faifai. Mutum fiye da ɗari suna zaune a rana suna sauraro, wasu yara suka fara ƙunshe dariya, iyayensu na zungurinsu. Malam yana tsaye, gumi har cikin takalmi, ya kasa kashewa don kada abin da ake nema yana gaba. Sai dab da ƙarshen kaset aka ji tari, sannan muryar tsohon, siririya, a hankali.

"Yarona, ka sha ruwa mana. Maƙogwaronka zai bushe."

Maɓalli ya ɗago da kansa. Ba wanda ya yi dariya kuma.

Gwaggo Magdalene ce ta miƙe, ta ɗaure zanenta, ta ce ba za a bar mahaifinta ya tafi shiru ba. Ita baitocin ba ta riƙe su ba, aikin maza ne, amshi kawai ta sani. Ta ɗaga murya ta yi amshin farko, matan suka kama mata. Suka tsaya daidai tsawon da tsohon yakan ɗauka yana rera nasa, ba a jin komai sai kukan kurciya a kan mangwaro, sannan suka yi amshi na biyu. Haka suka yi ta yi, su amsa, su jira, su amsa.

Malam Leonard ya zauna a ƙasa kusa da rikodarsa, hawaye na zuba, yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga baitocin da babu mai rerawa. Sau arba'in da uku matan suka tsaya suka jira.