Yadda Autata Ta Dasa Ni A Cikin Labarin Turawa

Bari in hutar da ku tun daga farko, kada wani ya wahala wajen nema: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Amma wawa ne da ya ci nasara, don haka ku gyara zama, kada a raina ni tun ban fara ba.

Shekarun baya ne sosai, lokacin ina Jidda ina tuƙa wasu Larabawa a unguwar Ruwais, muna zaune a unguwar Bani Malik ni da Hajiya da 'ya'yanmu mata uku. Dukansu a Jidda aka haife su. Manyan biyun Hausarsu ba laifi. Autar kuwa, wadda ke karatun Turanci a kwaleji, tana ji sarai, amma in ta zo faɗa sai Larabci ya riga fitowa ya tare ƙofa.

Wata shekara ƙanwata ta zo umara daga Kano ta sauka a gidanmu. Yarinya ta durƙusa ta tattaro 'yar Hausar da take da ita ta yi mata sannu da hanya. Ƙanwata ta dube ni a gaban baƙi ta ce, "Yaya, wannan Hausa ce, ko Larabci ne mura ta kama shi?" Falo ya ɗauki dariya. Daga ranar autata ta kulle bakinta. In ce mata, "Kin ci abinci?" ta ce, "Aiwa, ya Baba." In yi faɗa, ta ce, "Halas, ya Baba." Kamar wasa har aka shekara. Kada ku ga ina raha, abin nan ya ci mini rai. Ni da na baro gida da jaka ɗaya, abin da na shigo da shi ƙasar nan wanda ba a buga masa hatimi ba shi ne harshen nan, ga shi zai tsaya a kaina a ɗakin 'yata.

Wata ranar hutu da hantsi na tarar da ita tana kallon fim, wai aikin makaranta ne. Turawa ne da dogayen huluna da keken doki, kowa in zai gaida wani sai ya yi rabin ruku'u. Na zauna. Ni aji huɗu na yi a firamare, Turancina ya ƙare a gaisuwa, sai ita ke fassara mini da Larabci. Saurayi ne mai dukiya mai ɗaga hanci, da budurwa mai baki kamar reza, suna ƙin juna har su dawo suna son juna. Abin da ya fi burge ni shi ne iyayen yarinyar. Uwar ba ta zama, duk inda ta ji ƙamshin saurayi tana can. Uban kuwa dattijo ne natsattse, magana ɗaya yake jefawa kowa ya kama kansa. Na nuna shi na ce, "Kin ga wannan? Ni ne." Ta dube ni ta mayar da ido kan fim.

Da sati ya zagayo ta sa na Indiya, ana rawa ana juyi. Ban kai rabi ba na ce, "Tsaya, wannan mai ɗaga hancin ai na san shi." Da ta sa na uku, na Amurka, mutane a ofis da waya a kunne, sai na miƙe na ɗauki hulata. Na ce, "Ba ni faya-fayan nan. Mai shagon nan ya cuce ki. Labari ɗaya ya sayar miki sau uku, riguna kawai ya canza musu!"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ba cuta ba ce. Wai tsohon littafi ne da wata mata ta rubuta a Ingila tun kafin a haifi kakan kakana, kowace al'umma sai ta ɗauka ta ɗinka masa kayanta, ta mayar da shi nata.

Nan take dabara ta faɗo mini. Na ce, "Indiyawa sun yi nasu, Amurkawa sun yi nasu. Na Bani Malik fa?" Ta ce za ta iya, da Larabci. Na ce, "In kin yi da Larabci ai kin yi wa Larabawa aiki. Amma ba komai, na san ba za ki iya ba." Na fita abina ina murmushi. Na kafa tarko.

Washegari ina shan shayi ta zo ta zauna kusa da ni. Ta daɗe tana murza gefen mayafi, sannan ta ce, da Hausa, a hankali kamar mai taka ƙwai, "Baba, in zan yi, kai za ka koya mini." Wallahi sai da na kau da kai na yi kamar shayin ne ya ƙona ni.

Aka tsayar da magana za ta ba da labarin a taron mata na bikin babbar yayarta. Ƙanwata kuma ta aiko cewa tana nan tafe bikin. Ko dai yarinya ta tsaya a gabanta ta yi Hausa, ko kuma in an sake yi mata dariya, na san shi ke nan, har in mutu ba zan ƙara jin Hausa a bakinta ba.

A nan dole in yi wani ɗan bayani. Ni mutum ne mai son ciyar da baƙo. Duk Juma'a in an idar da salla nakan tsaya a bakin masallaci, in na ga ɗan'uwa Bahaushe in ja shi gida ya ci tuwo. In an yi katari kullum baƙon saurayi ne marar aure, wannan ba laifina ba ne, haka Allah ke haɗawa. Angon ma ta wannan hanya ya san gidanmu.

To, aka fara karatu. Ta ce, "Baba, a Ingila gida da fili ake tambayar saurayi. A nan fa?"

Na ce, "Ke ma dai! Iƙama mana. Takardar zama. Saurayi ko ya kai wata kyau, in ba iƙama, ranar da aka tare shi a hanya sai dai ki ji labarinsa daga Kano."

"To yaya ake tambaya, ba a ji kunya ba?"

Sai na tashi tsaye na nuna mata, tunda malami ba ya rowa. Na gyara hula, na yi ɗan tari, na ce, "Samari, barka da Juma'a. Mutumin ina ne? Masha Allah. Iƙamar dai da rai ko? Kafilin da ya tsaya maka mutumin kirki ne? A'a, ba wani abu ba ne, akwai tuwo a gida."

Ta ce in sake. Na sake. Ta maimaita, har da tarin, har da taɓa kai kamar mai gyara hula. Na ce a raina, kai, yarinyar nan ta ɗauki karatu da gaske, har numfashin malaminta take koya. Kullum da irin tambayar da za ta kawo. Yaya ake yabon girkin 'ya a gaban baƙo? In saurayi ya ce yana da mata a gida, yaya ake janye kwanon nama daga gabansa cikin mutunci? Duk na koya mata, ban ɓoye komai ba. Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, kafaɗunta na rawa, in na juya ta ce tari ne.

Ranar biki aka kama wani gidan taro a Aziziyya, mata a ciki, mu maza a farfajiya, katanga a tsakani. Bayan la'asar na ji an yi tsit a ɓangarensu. Sai ga muryar autata a lasifika, ƙasa-ƙasa, ba na jin kalmomin. Can sai dariya ta tashi. Na kasa kunne. Irin dariyar falon nan ce, ko wata ce daban? Ana miƙo mini shinkafa da rago, ban san me nake taunawa ba. Dariya ta sake tashi, ta fi ta farko. Na kusa tura yaron gidan taro ya ce a kashe lasifika. Sai na ji muryar ta ƙara ƙarfi, ta daina rawa, tana tafiya tiryan-tiryan, mata na amsawa. Daga ƙarshe guɗa ta ɓarke, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Aka ce ana nemana a ƙofa. Ƙanwata ce, kwallinta duk ya zubo. Ta ce, "Yaya, na janye maganata. Yarinyar nan kamar a Kano aka binne cibiyarta. Na rungume ta na ba ta haƙuri a gaban kowa." Sai ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi, ta ce, "Iƙamar dai da rai ko?" Ta fashe da dariya ta koma ciki. Na ce a raina, biki ya juya mata kai.

Hajiya ta ɗauki abin a kaset. Ban ko saurara ba na sa shi a aljihu na nufi majalisarmu, ƙofar shagon abokina tela. Na ce, "Jama'a, yau za ku ji aikin ɗalibata. Akwai wani dattijo natsattse a ciki, ba sai na faɗa muku da wa aka kwaikwaya ba."

Aka danna. Hausa ce tsaf, da ɗan gishirin Larabci nan da can. Mai ɗaga hancin ya zama haifaffen Jidda mai aikin ofis, budurwar ta zama mai zanen lalle. Uwar tana zaune tana tsince shinkafa, magana ɗaya take jefawa kowa ya kama kansa. Na ce to, an ɗan yi canji. Sai aka ce ga uban 'yan mata ya fito daga masallaci. Sai na ji tari. Tarina.

Abokina ya dakatar da keken ɗinki. Kafin muryar ta kai ga "akwai tuwo a gida", majalisa gaba ɗaya ta riga ta faɗa tare da ita. Wani har da faɗowa daga benci. Abokina ya share hawaye ya ce, "Alhaji, ashe kai ne natsattsen! Ni ma da ka san ina da mata biyu, ai ranar nan kwanon naman ya yi tafiya."

Kaset ɗin nan ya zaga Bani Malik, ya shiga Makka, ƙanwata ta tafi da shi Kano. An daɗe yara na bina a lungu suna ɗan tari. Ban taɓa jin haushi ba, ko in ce ban daɗe ina ji ba. Abin da na gane shi ne, labarin nan da ya ƙi mutuwa, ba dogayen huluna ne suka riƙe shi ba. Duk wanda ya ɗauke shi sai ya leƙa cikin gidansu ya samo mutanen, suna nan zaune suna jira. Ni na ɗauka tarko na kafa, ashe ni ne naman. Amma yau autata da Hausa take yi wa 'ya'yanta faɗa, in ta kira ni a waya sai na ce ta bari haka kunnena ya gaji. In da za a sake, da na ƙara mata da wani tarin.

Abu ɗaya ne dai na ga bai kamata in bari ya wuce ba, saboda gaskiya. Da na dawo daga majalisa ranar nan, na tsaya a kan Hajiya na ce, "Ni ba don kaina nake magana ba, amanar littafin mutane nake karewa. A na Turawa uwar ce ke bin samari. A na Indiya uwar ce. A na Amurka ma uwar ce. Da wane dalili a namu aka juya?"

Ko ɗagowa ba ta yi daga tiren shinkafarta ba. Ta ce, "Alhaji, a cikin su ukun, wace ce ka ga ta riƙe wa saurayi takalmi a bakin masallaci don kada ya gudu?"